Bokiti a Bayan Ƙofa

 Iyayenmu mata da ke cikin gida, 'yan kasuwa a rumfuna, direban da ke kan hanya, da manomin da ya rataye rediyonsa a reshen bishiya, duk ina gaisuwa. Yau maganar tanadin gida za mu yi, wato abin da ya kamata a ce yana ajiye a kowane gida saboda ranar da ba a fata, ranar da ruwa ko wuta za su kori mutum daga ɗakinsa, ko wani dalili ya sa ya kulle kansa a ciki.

Bari in fara da Maiduguri. Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya faɗo gari mutane na barci. Ya shiga Gwange, ya shiga Fori, ya mamaye Kasuwar Monday, ya taɓa fadar Shehun Borno, bai bar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ba. Gidan namun dajin Sanda Kyarimi ma ya nutse, har sai da hukuma ta yi wa jama'a kashedi kan macizai da kadojin da ruwa ya kwaso. Fiye da mutum 400,000 ne suka bar gidajensu. Dattawan garin kuwa ba sabon abu suka gani ba, domin wannan madatsar ce dai ta yi musu irin haka a 1994, shekara 30 cif kafin nan.

Abin da nake so mai sauraro ya lura da shi a nan, da yawa daga cikin waɗanda suka kwana a sansani suna jiran a miƙo musu abinci ba matalauta ba ne. Akwai wanda ya bar buhunan shinkafa a sito, akwai wanda ya bar maganin hawan jininsa na wata guda a kan tebur, akwai wadda takardun 'ya'yanta duka suna cikin akwati ƙarƙashin gado. Kayan suna nan. Wurin da aka ajiye su ne ruwa ya fara isa, lokacin tattara su kuma babu.

Ni kaina na ɗanɗana ƙaramin abin, kuma har gobe in na tuna sai kunya ta kama ni. Wata damina, cikin watan Agusta, aka kwana ana ruwa, kwatar unguwarmu ta toshe da leda. Wajen ƙarfe biyun dare maiɗakina ta tashe ni, na sauko da ƙafa sai na ji ta tsundum cikin ruwa. Babu wuta. Na laluba inda nake zaton tocila take, ashe yara sun yi wasa da ita da rana. Na kunna fitilar waya, cajin saura kaɗan. Ga yara suna kuka, ga takalma suna yawo a tsakar ɗaki kamar agwagi. Sai da muka kai yaran gidan maƙwabcinmu da ke kan tudu sannan na tuna da takarduna, waɗanda na adana cikin fayil na cusa ƙarƙashin katifa, katifar kuwa a ƙasa take. Da gari ya waye na ɗago su kamar an tsoma su a kunu. Ruwan bai wuce gwiwa ba, kafin azahar ma ya janye, amma na fi wata shida ina safa da marwa tsakanin ofisoshi kafin in sake haɗa abin da ya lalace cikin dare ɗaya.

Tun daga ranar na ajiye bokiti a bayan ƙofa. Bokitin fenti nake nufi, irin babban nan mai murfi da ke rufewa gam, wanda mata ke saye a hannun masu fenti suna zuba tsaki ko gari. A wanke shi tas, a shanya shi ya bushe. Amfaninsa a kan jaka shi ne ruwa ba ya shigarsa, ɓera ba ya huda shi, yana da mariƙi, in ya faɗa ruwa ma yana iya tasowa sama, in an isa inda za a je kuma ga abin ɗiban ruwa, ga kujera.

Abin da zai fara shiga ciki takardu ne. Takardar gida ko ta gona, ko da ta ciniki ce da mai unguwa ya sa wa hannu, takardun haihuwa, takardar NIN, katin zaɓe, sakamakon WAEC da NECO, katin rigakafin yara, katin asibiti, takardun fansho ga mai su. A sa su cikin leda mai kauri a ɗaure, a sake sa wa a wata ledar a juya bakinta ƙasa a ɗaure. Kafin a ɗaure ɗin, a shimfiɗa kowace a ɗauki hotonta da waya, a tura wa wani ɗan'uwa amintacce da ke wani gari. Na dage kan takardar gida da ta gona ne saboda bayan ambaliya katanga ta faɗi, iyaka ta ɓace, shaidu sun watse, a nan ne rigimar fili take tsirowa tsakanin mutanen da suka yi shekara 40 suna maƙwabtaka.

Sai magani. Duk gidan da ke da mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko farfaɗiya, ko asma, ko mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau, a yi ƙoƙari a riƙa samun rarar mako ɗaya zuwa biyu, a rubuta sunan maganin da yadda ake shansa a takarda a haɗa. Waɗannan magunguna ne da ba a yanke su haka kawai. In akwai mai tsohon ciki, kayan haihuwarta da katin awonta su zauna kusa da bokitin tun daga wata na bakwai. Maigida, audugar mata ma kaya ce, kada kunya ta sa a bar ta. A ƙara da sabulu, da farasitamol, da 'yan ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wato ORS.

Sannan tocila da batir na daban, wadda yara ba su san da zamanta ba. Ashana a cikin robar magani da ta ƙare. Ƙaramar rediyo mai batir, domin ranar da sabis ya ɗauke ita ce za ta gaya maka wace hanya ce ta yanke, wace makaranta aka buɗe wa jama'a. Igiya mai ƙarfi. Usur irin na alƙalin wasa, don wanda ya maƙale a kan rufi murya takan dushe masa tun kafin masu ceto su iso. Da takarda mai lambobin waya da aka rubuta da hannu. Mai sauraro, gwada kanka yanzu: ban da taka, lambar mutum nawa ka haddace? Yawancinmu waya ta riƙe mana, in ta jiƙe shi ke nan mun zama marasa dangi. A saman takardar a rubuta 112, lambar kiran gaggawa a Najeriya.

Kuɗi kuma a ajiye tsaba, ƙananan takardu, ko yaya suke. Ba mu manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da mutum ke da dubbai a asusu amma ya rasa na sayen kayan miya. Mutanen Zamfara kuma sun ga yadda aka rufe layukan waya a Satumba 2021 aka ɗauki makonni, babu kira, babu tura kuɗi, mai POS ya naɗe lemarsa. Mai kwale-kwale da mai a-daidaita-sahu a irin wannan rana abin da suka gani a hannu suke karɓa.

Sauran wurin da ya rage a bokitin a cika shi da abin da ake ci ba a hura wuta ba. A nan ba mu da buƙatar koyi da kowa, domin fatake da mahajjatan ƙafa sun riga sun gama mana wannan nazari: garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, soyayyar gyaɗa, dabino, aya, dakuwa, kilishi ga mai hali. Buhun shinkafa ba ya amfanar wanda ke tsaye a kan gada babu tukunya babu itace. Amma kada a cika bokitin har ya gagari ɗauka. Ma'auninsa shi ne uwargida ta iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, da goyo a bayanta, cikin duhu. In ya fi ƙarfinta, a rage. Wannan bokitin dai shi ne na gobara in hunturu ya zo, ba sai an sake wani ba.

To, wannan na gudu ke nan. Akwai kuma na zama, domin ba kowace masifa ce take korar mutum ba, wata tsare shi take yi a gida. Mutanen Kano sun tuna kullen korona na Afrilu 2020. A Oktoba 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki, injinan burtsatse suka tsaya, ruwan 'yan garuwa ya yi tsada. A irin wannan hali ruwa ne yake fara ƙarewa, kuma shi ne muka fi sakaci da shi.

Bari mu yi lissafi. Masu aikin agaji suna ƙiyasta wa mutum ɗaya lita 15 a rana don sha da girki da tsafta. Mu ɗauki na sha da girki kaɗai, mu ce lita 5. Gida mai mutum 8, kwana 3, ya kama lita 120, wato kusan jarka biyar 'yar lita 25. Jarka biyar ba ta fi ƙarfin yawancin gidaje ba. Sharaɗin dai kada ta kasance wadda aka taɓa zuba wa fetur ko maganin feshi, komai wankin da aka yi mata. A rufe ta, a ɗora ta a kan wani abu, a riƙa amfani da ruwan ana sake cikawa don kada ya daɗe.

Bayan ambaliya kuwa, rijiyar gidanka da ka sani shekara da shekaru ba ita ba ce. Ruwa ya bi ta masai, ya bi ta bola da mushe, ya koma cikinta. Daga nan kwalara take tasowa, shi ya sa sau da yawa amai da gudawa suke biyo bayan ambaliya da 'yan kwanaki. Akwai kuskuren da nake yawan gani: a jefa alam a ruwa, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau, a ce ya tsarkaka. Alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Bayan ya kwanta sai a tsiyaye, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya, ko a sa maganin tsarkake ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a jira rabin awa kafin a sha. Kwalba ɗaya ta wannan magani ta cancanci wuri a cikin bokiti.

In gudawa ta kama yaro, babu ORS a kusa, uwargida riƙe wannan: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Zan maimaita: sukari shida, gishiri rabi, ruwa lita ɗaya. Kada a ƙara gishiri da sunan ya fi ƙarfi, yawansa illa ne ga yaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shan nono a ci gaba da ba shi nono, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo, kuma ana yi ana neman hanyar asibiti.

Maganar hatsi kuwa, ku dubi rumbu. Kakanninmu ba su taɓa dasa shi a ƙasa ba, sai a kan duwatsu. Ƙwaryar nono a ragaya take, a rataye. Mu ne da muka shigo birni muka jingina buhu da bango a kan siminti, sanyi na shigarsa ta ƙasa tun ba a yi ambaliya ba. Bulo huɗu da katako biyu sun isa su ɗaga buhu daga ƙasa. Wake a zuba shi a busasshiyar jarka, a cika ta har wuya, a toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki da kansu za su mutu. Mai yawa ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki. Don Allah a bar zuba fiya-fiya a abin da za a ci. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, gishiri, barkono, waɗannan ba sa cin wuri, kuma su ne suke mayar da gari tuwo da miya. A ajiye ɗan gawayi a inda ba zai jiƙe ba, amma kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, haka ma janareta. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take ɗauke mutane, gida guda.

Na san abin da wani yake faɗa yanzu a gaban rediyonsa: Malam, na yau ma da ƙyar, kana maganar na ajiya? Gaskiyarka, tsadar nan ba wanda ba ta taɓa ba. Amma duba abin da na lissafa. Ɗaure takardu a leda ba ya cin ko sisi. Rubuta lambobi a takarda, ɗora buhu a kan bulo, cika jarka, duk aikin hannu ne. Na abincin kuma ba rana ɗaya ake tara shi ba. Iyayenmu mata sun san dabarar: duk awon da aka kawo, a ɗebi gwangwani ɗaya a zuba gefe. Gwangwani ɗaya ba ya hana tukunya cika, amma kafin wata biyu ya zama abin da zai riƙe gida kwana uku. Sai dai a riƙa ci daga tsohon ana mayar da sabo, don gyaɗa da ƙuli in sun daɗe suna yin ɗaci.

Wani kuma cewa zai yi ai wannan rashin tawakkali ne, ko kiran masifa. Malamai suna nan, a tambaye su ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda ya sa aka tara hatsin shekara bakwai na yalwa, aka bar shi cikin zangarniyarsa, saboda shekara bakwai na fari. Har yadda za a adana shi kada ya lalace sai da ya faɗa.

Kaya kuma ba sa fitar da kansu. A zauna da iyali, da rana tsaka, lafiya lau, a raba aiki. Wa zai ɗauki bokiti? Wa zai kama hannun Kaka? Wa zai goyi auta? A gidan da ke da mata biyu ko uku da yara rututu, kowane babba a ba shi sunayen yaran da ke wuyansa, don kada kowa ya zaci yaro na hannun wani. Wa zai kashe wutar gida daga babban makunni, ya rufe tukunyar gas? Wa zai kwance dabbobi? Akuya da tunkiya in an sake su sukan nemi tudu da kansu, wadda aka bari a turke kuwa nan ruwa zai same ta. A kuma tsayar da wuri ɗaya da kowa ya sani, masallacin Juma'a ko makarantar da ke kan tudu, inda za a haɗu in an rabu. Yaron da ya fara wayo a sa ya haddace cikakken sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da lambar waya ɗaya, a riƙa yi masa kamar wasa har ya zauna.

Masu gidan ƙasa, ku ne na fi jin tsoro dominku. A ƙasar Hausa ruftawar gini tana cikin abin da ya fi kashe mutane da damina. A Satumba 2024 tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye, ruwa ya kayar da shi. In ka ga gindin bango ya jiƙe ya yi taushi, ko tsaga ta buɗe, ko ƙasa tana zubowa daga azara, a fitar da yara a kwana a wani wuri, ko da ana ganin ruwan ya tsagaita. In an fita kuma a kiyayi ruwa mai gudu. Wanda ya wuce idon sawu kaɗan yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai gwiwa yana iya jan mota, ba ka kuma san inda kwata ko rijiya ta buɗe baki a ƙarƙashinsa ba. Kwale-kwalen da ya cika a bar shi ya je ya dawo.

Gargaɗi kam ana yi. Kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina, NIHSA tana bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, NEMA da hukumomin agajin jihohi suna sanarwa. Mutanen bakin kogin Binuwai sun san abin da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru yake nufi tun 2012. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin inda abin ya fi muni. Ba na wanke hukuma, domin gyaran madatsa da yashe magudanu da hana gini a hanyar ruwa aikinta ne, kuma sau da yawa sai bayan an yi asara ake ganin motocinta. Amma ko ta yi nata, akwai ruwan da ba ya sallama. Mokwa ta jihar Neja, asubahin 29 ga Mayu 2025, damina ko kankama ba ta yi ba, ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka tabbatar da rasuwar fiye da mutum 150. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokaci ya yi mana halinsa. Roƙona ga maigida da uwargida, kada a ce sai an samu kuɗi, kada a ce sai ranar hutu. Yau da daddare, bayan sallar isha'i, a ɗaga katifa a fito da takardun nan, a ɗauki hotonsu, a ɗaure su a leda biyu, a ɗora su a sama. Gobe a nemo bokitin. In an haɗa naku, a leƙa gidan tsohuwar nan ta maƙwabta da ba ta da kowa a kusa, a tambaye ta inda ta ajiye nata takardun da maganinta.